Littafin Baba da Tulun Inna

Mahaifina ne mai ba da waƙa a majami'armu, kuma ban taɓa jin wanda ya ce shi ya naɗa shi ba. Majami'ar ɗakin ƙasa ce mai jinka, a gefen unguwarmu, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Toranke. Mu masu bi gida goma sha biyu ne, duk jinin Maguzawa. Sauran mutanen karkarar Musulmi ne, gonakinmu kan iyaka ɗaya da nasu, kasuwar Gaya ma tare muke ci. Ran Lahadi in an buga tsohon wilin mota da ke rataye a jikin ɗorawa sai a shiga, maza dama mata hagu, kowa ya nemi wuri a kan dakali. Daga nan Baba ya miƙe da littafin waƙoƙinsa, wanda bangonsa ya mutu tun tuni har baduku ya ɗinka masa riga da jar fata.

Gajere ne ƙwarai, Baba, amma muryarsa ta fi ƙarfin ɗakin. Karatun boko bai zauna masa ba. Yakan buɗe littafin duk inda ya buɗu, ya kira lambar waƙar da ka, ya rufe ido, ya ɗauka. Sau da yawa na leƙa na ga lambar da ya kira daban, shafin da ya buɗe daban. Amma da wani zai karɓe littafin daga hannunsa, na tabbata ko baiti ɗaya ba zai iya ba.

Wata Baturiya ce ta koya masa tun ina ƙarami. Takan zo a kan keke duk mako, ta wanke gyambo ta ɗiga maganin ido a gindin ɗorawar nan, in ta gama ta koyar da waƙa. Duk abin da ya fito daga bakinta Baba ya kwashe, bai zubar da komai ba. Ta hanci take waƙa, shi ma ta hanci. Akwai wata waƙa da muka fi so, wadda a tsakiyar layi na uku ake tsayawa cak, a yi ɗan gyaran murya, sannan a ci gaba. Mutum arba'in, manya da yara, sai mu tsaya tare, mu ce "ehem" tare. Har na shiga kwalejin horon malamai ina ɗauka wannan "ehem" ɗin wani rukuni ne na sujada.

Karin waƙoƙin daga ƙasar Turawa aka ɗauko shi aka ɗura masa kalmomin Hausa, shi kuwa bai san inda Hausa take hawa da inda take sauka ba. Akwai wadda take cewa muna kan hanya zuwa wani gari mai kyau, amma karin ya ja kan kalmar har ta koma garin tuwo. Wani malami maƙwabcinmu, da gonarsa ke bayan majami'ar, ya taɓa tare Baba a hanya ya ce, "Don Allah garin nan da kuke nema kowace Lahadi, na dawa ne ko na gero? In dai ba mai yawa ba ne, ai sai mu taimaka." Baba ya ce masa sannu da aiki, ya wuce. A wata kuma muna godiya an ɗauke mana wuya, wato wahala, amma yadda muke rera ta sai ka ce wuyan da ke riƙe da kai aka ɗauke. Ga kuma ja. Waƙa mai baiti shida, mace za ta iya zamewa ta je gida ta iza wuta, ta dawo ta tarar ana na huɗu.

Haka muka yi shekaru ba wanda ya ce uffan, har Inna ta je taron mata.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gaya, ina zuwa gida a kan keke duk Asabar. Aka gayyaci matan ikilisiyoyi wani taro can kudu, Inna da matar mai bishararmu suka shiga mota suka yi kwana huɗu. Inna ta dawo da sabon kallabi da sabon ra'ayi. Ta ga mata cike da fili suna yabon Allah da tulu da caki da ƙwarya, da irin karin da ake niƙa da shi, fastoci na zaune suna gyaɗa kai, kuma ƙasa ba ta tsage ta haɗiye kowa ba.

Inna kuwa tun tana budurwa an san ta da baki. In ta durƙusa gaban dutsen niƙa ta fara waƙa, duk wanda ya yi abin kunya a makon nan sai ya tsargu, ko da ba ta kama suna ba. Tun da suka shiga bi ta ajiye wannan baiwa, don ba a nuna mata inda za ta sa ta ba. Yanzu ta ga wuri. Ta fara tara mata duk Alhamis da yamma a gidan mai bishara. Suka ɗauko wani tsohon tulu daga gidanmu, suka naɗe ɗan faifai da tsumma suna dukan bakinsa.

Ranar godiyar kaka abin ya fito fili. An jibge dammunan dawa da gero a gaban majami'a, Baba ya miƙe ya gyara murya zai kira lamba, sai aka ji dum, dum daga waje. Mata suka shigo a jere, kowacce da ƙwaryar wake ko gyaɗa a ka, Inna a gaba tana bayarwa suna amsawa. Yara suka hau tafi. Kawunan maza suka fara motsi ba da izinin masu su ba. Ni kaina da na duba ƙasa sai na ga ƙafata ta riga ni yanke hukunci.

Baba ya tsaya da littafi a buɗe har suka kai ƙarshe. Sannan ya ce, "A fitar da abin nan."

Inna ta ce, "Wane abu, Maigida?"

"Abin da ake zuba giya a ciki."

"Wannan na ruwa ne. Shekara goma kana sha daga cikinsa."

Wani ya yi tari a ɓangaren maza, wanda ba na cikin waƙa ba.

Ba zan zalunci Baba ba, yana da dalilinsa. Lokacin da ya karɓi bi, mahaifinsa ya kore shi daga gida har damina biyu, kuma abin da ya baro a baya shi ne wannan kiɗa, na wajen shan giya da na wasan bori. Waƙar littafi, da nauyinta da baƙuntarta, ita ce shaidarsa cewa ya ƙetare. Da yamma ya ce mini, "Kai ba ka san abin da kiɗan nan yake kira ba. Ni na sani." Da haka ya faɗa wa Inna, wataƙila da an zauna lafiya. Amma ita abin da ya faɗa mata shi ne, mata sun ƙoshi shi ya sa.

Mai bishararmu mutumin kudancin Zazzau ne, bai daɗe da aure ba, ba ya son tashin hankali, ga shi matarsa ce mai kaɗa caki. Shi ya kawo shawarar a kafa kwamitin tantance waƙoƙi. Aka sa Baba shugaba, aka sa Kawu, wan Inna, aka sa mai bishara, ni kuma aka ba ni magatakarda saboda ina da biro. Baba ya kafa doka ɗaya: duk sabuwar waƙa sai an kawo ta gaban kwamiti, an rubuta, an kuma nuna ayar da ta fito daga ciki. A hanyar gida yana ta murmushi. Ya ce, "Mu ga inda za su samo aya. Ko sunansu ba sa iya rubutawa." Ya manta matar mai bishara ta yi aji huɗu. Ya kuma manta Inna ta yi shekara ashirin tana jin wa'azi ido buɗe.

Ni ne ɗan farin Inna, don haka ba ta kama sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Ran zaman farko da safe ta tsaya ta fuskanci rumbu ta ce, "A gaya wa mai biro ya rubuta da kyau. Kada a rage mini ko harafi." Na amsa wa rumbun da to.

A zaurenmu aka zauna bayan cin abincin rana. Inna ta zagayo ta waje ta yi sallama kamar baƙuwa, ta durƙusa ta ce, "Sannunku da hutawa, dattawa." Matar mai bishara na bayanta. Baba ya ce bismilla, ta ɗauka. Waƙar a kan gajeren mutumin nan ce mai karɓar haraji, wanda ya hau bishiya don ya hangi Ubangiji:

Gajere ya haye reshe,
ya ce ya fi kowa gani.
Sauko, gajere, sauko,
girman ba na hawa ba ne.

Kawu ya cusa hannun riga a baki. Mai bishara ya hau duban azarar zaure kamar yau ya fara ganinta.

Baba ya ce, "Da wa kike?"

"Da wanda aya ta ce, Maigida."

Matar mai bishara ta faɗi sura da aya, mijinta ya buɗe ya karanta, ga kalmar nan ɓaro-ɓaro. Baba ya ce a sake karantawa. Aka sake. Ya ce, "A na Turancin ma haka aka ce?"

Mai bishara ya ce, "Haka aka ce, Baba."

Na rubuta cewa kwamiti ya duba, ya ga tsawon mutumin ya yi daidai da Nassi. Waƙa ta wuce.

Mako na biyu aka zo kan Kawu, wanda ya yi dariya. Kawu ya shahara da gyangyaɗi, ko waƙar buɗewa ba ya kaiwa ƙarshenta. Inna ta kawo waƙa a kan saurayin nan da barci ya kwashe ana tsakiyar wa'azi, ya faɗo daga tagar bene. Kawu ya ce, "Ni ai ba a taga nake zama ba." Inna ta ce, "Yaya, wa ya kira ka?" Wannan karon Baba bai nemi na Turanci ba. Har cewa ya yi a maimaita amshin don magatakarda ya samu ya rubuta daidai.

Mako na uku ta kawo ta masu doguwar addu'a don mutane su gani. Dattawan nan uku suka dubi juna, kowa ya tabbata da na kusa da shi ake. Ba a yi gardama ba ta wuce.

Da Baba ya ga aya ba za ta cece shi ba, sai ya ajiye ta ya fito da ainihin abin da ke ransa. Ya ce, "Waƙar littafi tana da ilimi. Baiti shida, kowanne da maganarsa, daga halitta har ranar ƙarshe. Taku layi biyu ce, ku yi ta juya ta har rana ta faɗi."

Inna ta ce, "Layi biyun nan, jiya na ji matan Fulani suna rera su a bakin rijiya. Baiti shidanka wa ya taɓa ɗauka ya kai rijiya?"

"Ba don rijiya aka yi ta ba. Taku a ƙafa take shiga, tamu a zuciya."

"To in ta shiga zuciyar me take yi a can, da duk wanda ta shiga sai ya hau hamma?"

"Natsuwa ce."

"Yaya ma kullum a natse yake."

Kawu ya farka da jin an ambace shi, ya ce yana goyon baya. Aka tambaye shi bayan wa, ya ce wanda ya yi maganar ƙarshe.

Ni dai ina rubutu. A raina na san kowannensu ya taɓo gaskiya. Ranar da muka binne wata ƙanwata, waƙar littafi ce ta riƙe mu, don tana da maganar da mutum zai jingina da ita, kuma nauyinta ya dace da ƙafar mai ɗauke da makara. Amma ban taɓa jin kowa yana rera ta yana noma ba. Na Inna kuwa har ɗalibaina na Gaya, 'ya'yan Musulmi, na taɓa ji a bakinsu, ban san ta inda suka bi suka isa can ba. Ban faɗi ko ɗaya ba, don tuwon ɗaya nake ci a zauren ɗayan.

Daga baya kwamiti ya yanke cewa kalmomi sun halatta, amma tulu ba zai shiga ɗakin sujada ba. Lahadi mai zuwa tulu bai shiga ba. An ajiye shi a waje, daidai gindin taga, wata tsohuwa ta zauna tana duka, bangon ƙasa yana amsa mata. Ƙarar ta fi ta da. Da damina ta sauka ruwa ya yi wa tsohuwar duka sau biyu, mai bishara ya roƙa aka yarda ta zauna a bakin ƙofa daga ciki. Daga nan kullum Lahadi sai tulun ya matso taki ɗaya. Ba wanda ya taɓa ganin lokacin da ake matsar da shi. Kafin a yanke gero yana gaba, kusa da teburin mai wa'azi.

Sai maganar rawa ta taso. Lahadi uku muka yi muna neman iyaka tsakanin rawa da rausaya. Mai bishara ya miƙe ya gwada mana kowacce don a gane bambanci, Baba ya ce ya zauna haka nan. A ƙarshe aka tsayar cewa daga kafaɗa zuwa sama an yarda, daga ƙugu zuwa ƙasa an hana, kuma ƙafa ba za ta rabu da ƙasa ba. Aka naɗa Kawu mai duban ƙafa. Bai taɓa samun aikin da ya dace da shi irin wannan ba. Yakan zauna a gaba ya sunkuyar da kai yana fuskantar ƙafafun mata, ba mai iya cewa ga abin da yake yi. Har ya bar aikin bai kawo ƙarar kowa ba.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, wasiƙa ta zo cewa Baturiyar nan za ta koma ƙasarsu gaba ɗaya, kuma za ta zaga tsofaffin wurarenta ta yi ban kwana. Baba ya farfaɗo kamar an yi wa shuka ruwa. Ya sa aka shafe majami'a da farar ƙasa. Mako uku yana tara mu da yamma muna bitar waƙoƙi. Ya ce mini, "Yanzu mai abin za ta zo. Za a ji wadda ita ce waƙa." Ya ce ranar kada ya ga tulu. Ga mamakina Inna ba ta ja ba. Ta ce, "Baƙuwarka ce."

Ta iso da hantsi a cikin mota, wani yana tuƙa ta. Ta tsufa, kai fari fat, tana dogara sanda, amma Hausarta na nan. Da ta ga Baba ta ce, "A'a, mai babbar murya!" Baba ya riƙe hannunta da hannu biyu, hawaye na zuba, bai damu da wa ke kallo ba.

Aka shiga. Ya kira lambar waƙar nan da muka fi so. Ban taɓa jin mun rera ta kamar ranar ba. Hanci ya yi aiki, ja ya kai inda ake so, da aka zo layi na uku muka tsaya kamar an yanka, muka ce "ehem" kamar mutum ɗaya. Ita kuwa ta karkata kai tana murmushi. Da muka gama ta ɗan tafa ta ce, "Kai, madalla! Wannan waƙa da daɗi take. Ku kuka ƙirƙiro ta? Haka nake so, ku riƙa yin naku na gida."



Baba ya ce, "Ranki ya daɗe, ai ke kika koya mini." Ya sake faɗin lambar.

Ta karɓi littafin, ta sa tabarau, ta yi ta buɗawa har ta samu, don ba nan ya buɗe ba. Ta karanta, ta yi dariya, sannan ta rera. Wata 'yar waƙa ce mai sauri, mai tsalle-tsalle, kamar ta 'yan mata a dandali. Ta gama baiti guda a lokacin da mu muke gama layi ɗaya. Ta ce da can a hankali take rera masa don ya samu ya kama kalmomin.

Mai bishara ya kasa haƙuri. Ya ce, "To, ranki ya daɗe, tsayawar nan ta layi na uku fa?"

Ta yi ɗan tunani. "Wace tsayawa? Au! Lokacin ina fama da fuka. Numfashina ba ya kai ni ƙarshen layin."

Ban dubi Baba ba. Na kafa ido a kan birona. Sai na ji ta ce, "Ku ba ku da waƙoƙin mata na tulu? Duk inda na je yanzu su ake yi, ina jin daɗinsu ƙwarai."

Duk ɗakin ya juya ya dubi Inna. Na ce a raina, shi ke nan, shekara uku tana jiran rana irin wannan. Inna ta gyara kallabi ta ce, "Tulun ya fashe, ranki ya daɗe."

Tulun na nan lafiya lau a bayan rumbu, ni na kai shi da hannuna.

Bayan motar ta tafi Baba ya zauna a zaure. Aka kawo abinci bai taɓa ba. Wajen la'asar Inna ta shigo ta ɗauki kwanon ta ɗumamo, ta dawo ta ajiye a gabansa. Ta juya ta fuskanci bango ta ce, "Tsufa ba daɗi. Baiwar Allah ta manta waƙarta. Da ba a sami mai riƙe mata ba, da ta ɓace ke nan."

Baba ya dubi kwanon. Can ya ce, "Na lura. Tun daga baitin fari ta kauce."

"Kowa ya ji."

"Zaman birni ne."

Ya jawo kwanon ya wanke hannu.

Lahadi mai zuwa ya kira lambar nan, muka rera ta yadda muka saba, ba a rage komai ba. Da aka gama, maimakon ya kira wata lamba sai ya rufe littafi ya ce, ba tare da ya dubi hagu ba, "Mata, in akwai taku ku kawo." Daga ranar aka raba sujada, biyu nasa biyu nata. Kwamiti bai sake zama ba. Ba a rushe shi ba, an dai daina kiransa.

Kwamitin ya yi shekaru yana barci, har ƙanena ya zo Kirsimeti daga Kaduna, inda yake aiki a masaƙa. Ya sauka da wando mai faɗin ƙafa, da suma kamar an kifa masa kwando, da rakoda a hannu, da jita a rataye. Kwana uku ya tara samarin unguwa a ƙofar gida yana sa musu kaset yana koya musu. Ranar Kirsimeti suka fito su huɗu gaban jama'a. Waƙar rabi Turanci rabi Hausa, yana kaɗa jita yana lumshe ido yana lanƙwasa gwiwa. Samari da 'yan mata suka ɗauka nan take. Tsofaffi suka buɗe baki suna neman inda za su shiga, ba su samu ba.

Na dubi Baba ina jiran ya miƙe. Kafin ya motsa Inna ta riga shi.

Ta ce, "Wai ina kwamiti?"

Ta kuma ce wannan karon da ita za a zauna, ba durƙuso za ta zo yi ba. Baba ya ce ya daɗe yana ganin ya kamata a sa mace.

Washegari aka shimfiɗa tabarma a zaure, Baba da Inna a jere, kafaɗa da kafaɗa. Ƙanena ya zo da ayarsa a rubuce a takarda, don an ba shi labari. Ba a ko karɓa ba.

Inna ta ce, "Waƙar da tsohuwa ba za ta iya amsawa ba, wa aka yi wa?"

Ya ce, "Inna, zamani ne. Duk majami'un birni haka ake yi."

"To nan ba birni ba ne. Mu muna da waƙoƙinmu na gargajiya, waɗanda muka gada tun kaka da kakanni."

Baba ya ce, "Faɗa masa."

Waƙoƙin da aka gada tun kaka da kakannin nan suna kan cinyata, a cikin littafin kwamiti, da rubutun hannuna. Wadda ta fi tsufa a cikinsu ba ta kai shekara goma ba. Na buɗe baki, Inna ta dubi azara ta ce, "Mai biro dai rubutu aka sa shi." Na rufe.

Ƙanena ya ce jita ai 'yar uwar molo ce, kuma an yabi Allah da molo a cikin Nassi. Baba ya ce to ya je ya kawo molo. Ya ce bai iya molo ba. Inna ta ce to ya je ya koya. Mai bishara ya ce wataƙila a duba a gani. Aka yanke cewa jita za ta iya yin abinta a gindin ɗorawa, bayan an tashi daga sujada, in dattawa sun yi nisa.

Ƙanena ya yi fushi sosai. Ya ce ƙauyen nan ba zai taɓa ci gaba ba, ya ce gobe zai koma. Da safe Inna ta haɗa masa kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Ta ɗauki jitar ta jujjuya ta, ta ƙwanƙwasa cikinta da yatsa, sannan ta ciro zanenta mai kyau ta naɗe ta tsaf, ta ɗaure da igiya. Ta ce, "In ka hau mota ka riƙe ta a cinya. Kada ka bari yaran mota su ɗora mata buhu."

Ni na goya shi a keke zuwa tashar Gaya. Mun yi nisa, jitar tana dukan bayana. Can ya ce, "Yaya, kai tsakani da Allah wane ɓangare kake?"

Na ce magatakarda ba shi da ƙuri'a.

Ya ce, "Kai dai matsoraci ne."

Ban musa ba. Daidai nan muka shiga rairayi, keken ya ƙi tafiya, muka sauka muna turawa.